Ranar da Za a Nemi Hoton

Wata safiya cikin hunturu wani ɗan kasuwa ya kira ni, muryarsa tana rawa. An fasa masa sito da dare, an kwashe dilolin atamfa, yana so in zo in fitar masa da hoton ɓarayin. Ba ni na haɗa masa kyamarorin ba. Wani matashi ne ya yi aikin wata biyar kafin nan, aka biya shi, aka rabu lafiya. Da na isa na tarar da kyamara takwas, kowacce tana aiki, allon da ke ofis yana nuna hoto tar kamar madubi. Na zauna gaban manhajar na koma daren jiya, babu komai. Na koma shekaranjiya, babu. Na yi ta komawa baya har na iske hoton ƙarshe da aka naɗa, kuma ranarsa sati biyu ce kacal bayan an gama aiki. Faifan ajiya ya cika tun lokacin, ba a kuma saita manhajar ta riƙa goge tsohon hoto tana ɗora sabo a kansa ba, sai ta tsaya cik. Wata huɗu da rabi bawan Allah yana kallon allo yana tafiya gida da kwanciyar hankali.

Da na yi masa bayani, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya dube ni ya ce, "Malam, to ni me na saya ke nan?"

Ƙannena, wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina ganinku a kasuwannin Beirut da Farm Centre kuna cinikin kyamara da waya, ina ganinku da tsani a kafaɗa cikin rana, kuma wallahi ina jin daɗi, domin sana'a ce ta halal mai rufin asiri, buƙatarta kuma sai ƙaruwa take yi. Amma na lura da yawanku kuna ɗaukar cewa da zarar hoto ya fito a allo, ko a wayar maigida, aiki ya ƙare. Mai shago bai biya kuɗinsa don ya kalli ƙofarsa da rana tsaka ba, ai yana da idanu. Ya biya ne saboda wata rana guda da ba ya fatan zuwanta, ranar da zai zo yana neman abin da ya faru ƙarfe biyu da kwata na dare. Duk abin da za ka taɓa a wurin aiki, ka taɓa shi kana tuna wannan rana.

Kyamara ido ce kawai, gani take yi ba ta riƙewa. Mai riƙewa ita ce manhajar sarrafa bidiyo, wadda 'yan sana'a ke kira VMS: ita ke karɓar hoto daga kowace kyamara, ta rubuta a faifai, ta jera shi bisa lokaci, ta ba ka damar nema da fitarwa. Wani lokaci tana zaune cikin akwatin naɗa hoto na NVR, wani lokaci a kan kwamfuta ake ɗora ta. Manyan ma'aikatu suna amfani da irin su XProtect ta kamfanin Milestone na Denmak ko ta Genetec na Kanada. Masu ƙaramin wuri suna sayen Blue Iris su ɗora a Windows, wasu su ɗauki ZoneMinder wadda kyauta ce a kan Linux. A kasuwanninmu kuwa iVMS-4200 ta Hikvision da SmartPSS ta Dahua sun fi yawa, don kayan kamfanonin nan biyu na birnin Hangzhou na Sin ne suka cika shagunanmu. Kowacce ka samu, ciwon kan iri ɗaya ne: ka sa kyamara da manhaja su san juna, su yarda da juna, kuma su ci gaba da hakan bayan ka tattara kayanka ka tafi.

Kada ka fara da tsani. Ka baje komai a kan tebur, ka jona kyamarorin ɗaya bayan ɗaya. Kowace na'ura a kan hanyar sadarwa tana da lambar gidanta, wato adireshin IP, kuma sababbin kyamarori na kamfani ɗaya da lamba ɗaya suke fitowa daga kwali: na Hikvision 192.168.1.64, na Dahua 192.168.1.108. Idan ka jona shida a tare ba ka canza ba, ka yi gida shida a layi ɗaya masu lamba ɗaya, hoto zai riƙa zuwa yana ɗaukewa kana zargin waya alhali waya ba ta da laifi. Akwai ƙananan manhajoji na neman su, SADP ga Hikvision, ConfigTool ga Dahua. Ka ba kowacce lambarta tsayayya wadda ba ta canzawa. Na san ya fi sauƙi ka bar rauta ta raba musu lamba da kanta, amma ka tuna sau nawa ake ɗauke wuta a yini a garinku. Duk sanda wuta ta dawo rauta tana iya sake rabo, ta ƙofar gaba ta karɓi lambar ta sito, manhaja kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ka rubuta lambobin a littafi, ka manna takarda a jikin kowace waya. Wanda zai zo gyara bayanka zai yi maka addu'a, kuma sau da yawa kai ne da kanka bayan shekara guda ka manta komai.

Sai yaren da za su yi magana da shi. A da kowane kamfani da nasa, kyamarar wannan ba ta jin manhajar wancan. A shekarar 2008 kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka haɗu suka kafa ONVIF domin a sami yare guda, aka kuma kasa shi kashi-kashi: Profile S na aika hoto kai tsaye, Profile G na hoton da aka ajiye cikin kyamarar kanta, Profile T na sababbin abubuwa irin su matse hoto da H.265. Rubutun ONVIF a jikin kwali ba shaida ba ce, bugawa ba ta da wuya. Ƙungiyar tana da jerin kayan da suka ci gwajinta, ka duba kafin ka sayi kwali ashirin. Wani abu da ke ɓata wa yara yini guda kuma shi ne, sababbin kyamarorin Hikvision suna zuwa da ONVIF a kashe. Sai ka shiga cikin kyamarar ka kunna shi, sannan ka buɗe masa mai amfani na daban da kalmar sirrinsa. Idan ba ka yi haka ba za ka yi ta shigar da kalmar sirri daidai, manhaja tana ce maka ba ita ba ce. In duk ta ƙi, akwai RTSP, wadda ke bi ta ƙofa mai lamba 554. Ka gwada adireshin a manhajar kallon bidiyo ta VLC. Idan hoto ya fito a can, kyamara lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen manhaja. Sai dai RTSP hoto da sauti kawai take kawowa, ba za ta juya maka kyamara mai juyawa ba, ba za ta kawo labarin motsi ba.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don zan yi maganar agogo, kuma ban san abin da aka fi rainawa a wannan aiki kamarsa ba. Kyamarorin da aka ƙera a Sin sukan zo da lokacin Beijin, wanda ya riga na Najeriya da Nijar da awa 7. Abin da ya faru ƙarfe biyu na dare sai ka same shi an rubuta ƙarfe tara na safe. Wasu masu arha kuma, da an ɗauke wuta sai agogonsu ya koma shekarar 1970. Ka tsaya ka yi tunanin mai shago a gaban 'yan sanda yana nuna hoton yaronsa yana fita da kaya, hoton kuma yana cewa ƙarfe tara na safe, lokacin da kowa ya san aikinsa ne ya fita da kaya. Ko akasin haka, wanda ya fi muni: agogo ya karkace ya mai da aikin rana ya zama na dare, a kama wanda bai ji ba bai gani ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya amince a gabatar da abin da na'ura ta fitar a gaban kotu, amma da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Lauyan da ya san aikinsa, agogon zai fara kamawa. Ban da wannan ma, idan lokacin kyamara ya yi nisa da na manhaja, ONVIF yakan ƙi karɓar kalmar sirri gaba ɗaya, domin yana haɗa ta da lokaci wajen tantancewa. Saboda haka ka saita yankin lokaci tun a kan tebur, ka kunna NTP don agogo ya riƙa daidaita kansa ta intanet. Inda babu intanet, ka mai da akwatin naɗa hoto ya zama shi ne liman, duk kyamarori su bi agogonsa. Sannan ka kashe wuta da hannunka ka kunna, ka ga ko lokacin ya tsaya inda ka bar shi.

Batun faifai lissafi ne na firamare, amma sai ka ga an sayi faifai da ka, bisa abin da kuɗin maigida ya rage. Kyamarar da ke aika megabit 4 a sakan tana cin rabin megabait ke nan a kowane sakan. Yini da dare sakan 86,400 ne, wato gigabait 43 da ɗoriya. Takwas irinta suna cin kusan gigabait 345 a rana. Faifai mai terabait 2 ba zai kai kwana 6 ba. Idan maigida yana son hoton wata guda, sai an haura terabait 10. Ka yi masa wannan lissafi a takarda kafin ku yi ciniki, ka tambaye shi kwana nawa yakan ɗauka kafin ya gane an yi masa ɓarna. Mai kanti da ke ƙirga kaya kullum dare, sati ɗaya ya ishe shi. Mai sito da ba ya buɗewa sai wata-wata, kwana shida ba su amfane shi da komai ba. H.265 yana rage cin wuri kusan rabi idan kyamara da manhaja duk suna jinsa. Ka sayi faifan da aka yi don rubutu ba dare ba rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, ka bar tsohon faifan kwamfuta da aka ciro daga wani wuri. Kowace kyamara tana fitar da hoto iri biyu, babba mai kyau da ƙarami mara nauyi: babban shi ake naɗawa, ƙaramin shi ake kallo a waya don kada data ta ƙare. Na sha tarar da an juya su, an shekara ana ajiye ƙaramin. Kuma don Allah ka duba wannan ɗan akwati na gogewa da sake rubutu, ka tabbata an kunna shi. Shi kaɗai ne ya raba ɗan kasuwar nan mai sito da hoton ɓarayinsa.

Wasu suna tsimin faifai ta hanyar naɗawa sai an ga motsi kawai. Dabara ce mai kyau a cikin ɗaki. A waje kuwa ka yi hattara, domin ƙurar hunturu, da ƙwarin da hasken daren kyamara ke jawowa, da yanar gizo-gizon da ke bin ƙwarin, duk motsi ne a idonta. Idan ka rage mata kaifin ji don ta daina ƙarya, tana iya kasa ganin mutum mai tafiya a hankali a jikin bango. A ƙofar shiga da wurin kuɗi ni naɗawa ba tsayawa nake yi.

Inda za ka kafa ta ma, manhaja ba ta iya gyara abin da ido bai gani ba. Akwai ma'auni na duniya, IEC 62676-4, wanda a bugunsa na 2014 ya ce don a gane akwai mutum a wuri fiksel 25 a kowace mita sun isa, amma don a tantance fuskar wanda ba a sani ba sai fiksel 250 a mita. Kyamara mai megafiksel 2 tana da fiksel 1,920 a faɗinta. Ka raba da 250, za ka ga iyakar faɗin da za ta rufe ta ba ka fuska bai kai mita 8 ba. Wanda ya kafa guda ɗaya ta rufe harabar gidan mai gaba ɗaya zai ga mutane kamar tururuwa, ya san an zo, bai san wa ya zo ba. Haka wanda ya kai ta can ƙarƙashin rufin bene don tsoron kada a sace ta, hula da rawani kawai zai tara. Ka sami guda ɗaya a ƙofar da dole kowa ya bi, ka sauko da ita daidai yadda za ta kama fuska. Idan tana kallon ƙofa daga cikin shago, hasken waje zai mai da mai shigowa baƙar inuwa, sai ka kunna saitin daidaita haske na WDR. Kada ka yarda da hoton rana. Ka dawo bayan isha'i, ka sa yaronka ya wuce da sauri a gabanta, ka tsayar da hoton ka duba ko za ka gane shi in da ba ka san shi ba.

Waya da wuta ba zan daɗe a kansu ba, kun fi sanin wahalarsu. Wayar sadarwa iyakarta mita 100, in za ta wuce a sa suwic a tsakani. Wadda ke da alminiyam a ciki an shafa mata jan ƙarfe a sama tana da arha, amma ita ce ke sa kyamara ta yi lafiya da rana ta mutu da dare, lokacin da fitilunta suka kunna tana neman ƙarin wuta. Ma'aunin farko na PoE, wato wutar da ke bi ta wayar sadarwa, wat 15.4 yake bayarwa a kowace ƙofa, na biyu wat 30, sai ka tara abin da kyamarorinka ke ci ka gwada da ƙarfin suwic ɗin gaba ɗaya. Idan ka ɗora akwatin naɗa hoto a kan inbata ka bar suwic a kan wutar gari, ka ajiye marubuci a ɗaki ka rufe masa idanu. Ɓarawo kuma ya fi son daren da babu wuta.

Na ajiye maganar da ta fi yi mini nauyi zuwa nan. A ranar 21 ga Oktoba, 2016, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka na tsawon sa'o'i. An kai wa kamfanin Dyn hari ne da wata muguwar manhaja mai suna Mirai, kuma rundunar da ta yi amfani da ita kyamarorin tsaro ne da akwatunan naɗa hoto da rautoci na mutanen da ba su san abin da ake ciki ba. Mirai ba ta fasa wani ƙaƙƙarfan kulle ba. Jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 take ɗauke da su, irin waɗanda kaya ke fitowa da su daga masana'anta, tana bi tana gwadawa. Samari uku da suka rubuta ta sun amsa laifinsu a kotu a 2017, babu wanda ya haura shekara 21 a cikinsu. Tun a 2014 ma an ga wani shafi mai suna Insecam yana nuna hoton kyamarori sama da 70,000 kai tsaye, har da na cikin ɗakunan kwana, duk don ba a canza kalmar sirri ba. To ka dubi kanka: gida nawa ka haɗa da admin da 12345, ko da lambar wayarka, ko da kalma ɗaya da kake sa wa kowa don kada ka manta? Kowane wuri a ba shi tasa, mai tsawo. Kada ka buɗe ƙofar kyamara ga intanet kai tsaye ta rauta. Idan da hali, ka ware kyamarori a hanyarsu daban, manhaja kaɗai ke magana da waje.

Amma ɗan kutse na ƙasar waje ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Mu ne. Mai haɗa kyamara yana shiga inda baƙo ba ya shiga, ya wuce zaure ya wuce soro har tsakar gida, ya san inda ake ajiye kuɗi, ya san ƙofar da ba ta kulluwa. Ya tafi kuma da mabuɗin idon gidan a aljihunsa. Na san akwai waɗanda wayarsu ke cike da gidajen mutane, suna buɗewa suna kallo don nishaɗi, har su nuna wa abokai a majalisa. Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma wanda aka yi wa bai ma san an yi ba balle ya yafe. Idan ka gama aiki, ka miƙa wa maigida wayarsa ya shigar da kalmar sirrinsa kana kallon wani wuri, ka goge gidan daga wayarka a gabansa. In yana son ka riƙa duba masa, ya buɗe maka asusu mai iyaka da saninsa, wanda zai rufe duk sanda ya ga dama.

Haƙƙin maƙwabci ma yana wuyanka, ba na maigida kaɗai ba. Gidajenmu an gina su ne don katanga ta suturta iyali, mata suna aikinsu a tsakar gida babu mayafi saboda sun san babu mai ganinsu. Ka hau bene ka kafa kyamara mai faɗin gani, sai ga tsakar gidan maƙwabci a kusurwar hoto, ana naɗawa dare da rana. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane tun kafin a ƙera kyamara, dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta yi a 2023 kuma ta zo ta ƙara nata. Ka karkata kyamarar, ko ka shiga saitinta ka rufe wannan ɓangare da baƙin akwati, kusan kowacce tana da wannan dama. Za a kuma zo maka da buƙatar da ya kamata ka ƙi: a ɓoye kyamara a ɗakin kwanan ma'aikata, ko makewayi, ko ɗakin matar da ba ta sani ba. Kuɗin irin wannan aiki yakan fi na kullum tsoka, shi ya sa nake gaya muku tun yanzu, kafin a ajiye shi a gabanku ranar da aljihu ya bushe. Ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba na yin sa," ka ɗauki jakarka.

Kafawa kuma daban, rayawa daban. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro wanda ya haɗa da kyamarori a titunan Abuja da Legas. Ba a ɗauki shekaru masu yawa ba aka wayi gari da yawansu ba sa aiki, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike. Idan aikin miliyoyin daloli zai iya zama turaku a tsaye, na shagon unguwa da ba mai leƙa shi ya fi saurin mutuwa.

Don haka ranar miƙa aiki kada ka tsaya a nuna wa maigida hoto a waya yana murmushi. Ka zaunar da shi, ko ɗansa, ko yaron shagon da ya fi amincewa da shi, ka ce ya nemo maka lokacin da ka shigo da safe. Kada ka taɓa masa linzami, ka bar shi ya yi kuskure ya gyara. Ya yanko minti biyar ya zuba a filas, ku kai wata kwamfuta ku ga ko zai buɗe, domin wasu manhajojin suna fitar da hoto a sigar da sai da tasu manhajar ake kallo. In haka ne a haɗa da ita, ko a fitar a MP4. Ka kunna ƙarar gargaɗi ta mutuwar faifai da ɗaukewar hoto, ka gaya masa idan ya ji akwatin yana kuka ya kira ka, kada ya zare waya don ya huta da ƙara. Akwatin kansa kada ya zauna a kan teburin ofis inda mai fasa ƙofa zai fara cin karo da shi ya saɓa ya tafi da shaidar gaba ɗaya.

Bayan sati biyu ka koma ko ba a kira ka ba, ka sa kuɗin wannan zuwa cikin cinikinka tun farko. Ka tafi da tsumma mai laushi saboda ƙura da yana. Ka gwada agogon kowace kyamara da na wayarka. Sannan ka buɗe manhaja ka duba abu biyu, hoton daren jiya da hoto mafi tsufa da ya rage a faifai, ka ƙirga kwanakin da ke tsakaninsu ka gwada da lissafin da ka yi wa maigida a takarda. Idan sun yi daidai, ka rubuta ranar a littafinka, ka sa hannu, shi ma ya sa.